Kwana Dubu na Farko: Abin da Duniya ta Koya a Kan Rayuwar Yara da Girmansu

Kwamitin amintattu ya ga dacewar a keɓe wasu shafuka na rahoton bana domin bayani a kan wani al'amari da ba ya fitowa a jadawalin kuɗin shiga da na fita. Duk wanda ya taɓa zama a ofishinmu tsakanin Yuli da Satumba ya san koken da ya fi yawa a waɗannan watanni. Mace ce za ta zo da goyo, ko dattijo ya zo a madadin surukarsa, ana neman kuɗin magani ko kuɗin mota zuwa asibiti. In aka kwance goyon, galibi yaron bai cika shekara biyu ba, kuma cutar da ta kawo shi ta tarar da jikin da yunwa ta riga ta ci. Mukan ba da abin da ya sawwaƙa. Wasu su warke, wasu kuma sai dai mu ji labari bayan mako guda. Mun daɗe muna ɗaukar wannan a matsayin halin damina, har muka tsaya muka tambayi kanmu ko sauran duniya ma haka take, in kuwa ba haka take ba, me ta yi.

Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu ƙididdigar mace-macen yara sun kiyasta cewa a shekarar 1990 yara sama da miliyan 12 ne suka rasu a duniya kafin su cika shekara biyar. Ya zuwa 2023 adadin ya sauko zuwa kimanin miliyan 4.8, alhali mutanen duniya sun ƙaru da fiye da biliyan biyu da rabi a tsakani. In aka auna da kowace haihuwa dubu, an tashi daga sama da 90 an dawo 37. Wannan ragi ya faru ne a kan idonmu, kuma mafi yawansa a ƙasashen da ba su da wani arzikin a zo a gani. Duk da haka, miliyan 4.8 na nufin kusan yara 13,000 a kowace rana ta Allah.

Nauyin kuma bai rabu daidai ba. Fiye da rabin waɗannan yara a Afirka kudu da Sahara suke, sai kudancin Asiya ke biye. A ƙididdigar 2019 Nijeriya ta zarce Indiya a yawan yaran da ke rasuwa, alhali mutanen Indiya sun ninka namu fiye da sau shida. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin dubu ke rasuwa kafin shekara biyar, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa 187, wato kusan ɗaya cikin biyar. Binciken da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, ya nuna an sauko zuwa 110 a ƙasa baki ɗaya. Ci gaba ne, amma burin da ƙasashen duniya suka sa wa hannu shi ne kowace ƙasa ta sauko zuwa 25 ko ƙasa da haka kafin 2030.

Abin da ke ɗaukar yaran sananne ne. Kusan rabinsu, kimanin miliyan 2.3, jarirai ne da ba su cika kwana 28 ba, kuma kashi uku cikin huɗu na waɗannan a makon farko suke tafiya: bakwaini, da wanda ya sha wuya wajen haihuwa bai samu numfashi ba, da wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa, sau da yawa ta cibiya. Wanda ya tsallake watan farko kuma, abokan gabansa uku ne: ciwon huhu da ake kira nimoniya, da gudawa, da zazzaɓin cizon sauro. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masana sun kiyasta cewa kimanin kashi 45 cikin 100 na mace-macen yara akwai hannun rashin abinci mai gina jiki a ciki. Gudawar da yaro mai ƙwari zai yi kwana uku ya miƙe, ita ce ke kayar da rammamme. Cuta kan hana yaro ci, rashin ci ya raunana garkuwar jikinsa, raunin ya jawo wata cutar, a haka ake ta kewayawa har jiki ya gaza.

Mun san abin da mai karatu zai ce a nan, domin mu ma shi muke cewa a gidan makoki: kwana ne ya ƙare. Haƙiƙa mun yi imani da haka, babu kokwanto. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa zama hujjar barin sababi ba a wurin magabata. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa a kan hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma bayyana wa sahabbai cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Allahn da ke raya yaran Bangaladash shi ne ke raya namu, kuma a 1990 Bangaladash, ƙasar Musulmi matalauciya, tana rasa yara sama da 140 cikin dubu. Yau kimanin 30 take rasawa.

Gajarta ba gado ba ce

Rayuwa kaɗai ba ita ce ma'auni ba, akwai kuma girma. Ma'aikatan lafiya sun bambanta abu biyu da mu kan haɗa su a suna ɗaya, tamowa. Na farko rama ce mai tsanani, inda nauyin yaro ya gaza abin da ya dace da tsawonsa. Wannan tana zuwa da sauri, bayan yunwa ko jinya, kuma ita ce mai kisa nan take: yaron da ramarsa ta yi tsanani, haɗarin mutuwarsa ya ninka na lafiyayyen yaro kusan sau 11. Na biyu tsumburewa ce, inda tsawon yaro ya gaza abin da ya dace da shekarunsa. Wannan a hankali take ginuwa, ba ta da kuka, ba ta kai kowa asibiti. A 2022 an kiyasta yara miliyan 45 ke fama da rama a duniya, miliyan 148 kuma sun tsumbure. A Nijeriya tsumburarrun yara sun kai kashi 37 cikin 100 a 2018, a Arewa maso Yamma kashi 57, kuma binciken baya-bayan nan ya nuna adadin ƙasa ya hau zuwa kashi 40.

Inda fiye da rabin yaran gari suka tsumbure, ido ba ya gani, domin kowa da ɗan maƙwabcinsa yake auna nasa. Sai a ce ai gidansu duk gajeru ne, ko a ce haka jinsinmu yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wannan zato. Daga 1997 zuwa 2003 ta bi girman yara kimanin 8,500 a ƙasashe shida da aka zaɓa domin bambancinsu: Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Sharaɗin shi ne yaron ya kasance ana shayar da shi nono, uwarsa ba ta shan taba, gidansu na da abinci da tsafta da kulawar asibiti. Da aka jera sakamakon, sai aka tarar ɗan Akara da ɗan Maskat da ɗan Oslo kusan tsawonsu ɗaya ne a kowane mataki har zuwa shekara biyar. Daga wannan bincike aka fitar da ma'aunin girma na 2006 wanda ake amfani da shi a ƙasashe da dama. Gado na da tasiri tsakanin mutum da mutum, amma idan yaran al'umma guda suka gaza a dunƙule, to abinci ne da cuta suka yi aikinsu.

Da tsawon ne kaɗai abin ya shafa, da da sauƙi. Abin da ya hana ƙashi miƙewa shi ne kuma ke tauye ƙwaƙwalwa a lokacin da take ginuwa. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna tsumburarren yaro ya fi jinkirin fara makaranta, ya fi wahalar riƙe karatu, ya fi samun ƙarancin abin hannu in ya girma. In mace ce kuma ta fi fuskantar wahalar haihuwa da haifar ɗan ƙaramin jariri. Mu da muke ɗaukar nauyin karatun marayu muna kukan wasu ba sa ganewa, ya kamata mu tambayi abin da suka ci kafin a yaye su. Kuma abin yana gyaruwa a matakin ƙasa: Peru ta rage tsumburewa daga kashi 28 a 2008 zuwa kashi 13 a 2016, Habasha kuma daga kashi 58 a 2000 zuwa ƙasa da 40 cikin shekara goma sha shida.

Lokacin da wannan duka ke yankewa gajere ne. Masana na kiransa kwana dubu na farko: kimanin kwana 270 na ciki, da kwana 730 har yaro ya cika shekara biyu. Abin da aka rasa na tsawo a wannan tsakani da wuya a maido shi daga baya. Ɗalibin fiƙihu ba zai ji wannan lissafi baƙo ba, domin aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ƙayyade cikar shayarwa da shekara biyu, ta kuma ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a wuyan uba. Shari'a ta kuma sassauta wa mai ciki da mai shayarwa a kan azumi idan suka ji tsoron cutuwa.

A aikace, abin da ake nema ba mai wuya ba ne a faɗa. Mai ciki ta ci ta ƙoshi, ta je awo, ta sha maganin ƙarin jini da na riga-kafin zazzaɓi. Ta haihu a hannun ƙwararriya; a 2018 kashi 39 cikin 100 ne kacal na haihuwa a Nijeriya aka yi a asibiti. A sa jariri a nono cikin sa'ar farko, kada a zubar da dakashi, domin wannan ruwan mai kauri da wasu iyayenmu ke ƙyama shi ne garkuwarsa ta farko. A bar cibiya da tsafta, a shafa mata maganin da asibiti ya bayar, a bar toka da sauran abin da aka saba. Sannan nono zalla wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuyar karɓuwa a ƙasa mai zafi kamar tamu, kuma mun sha jin kakanni na cewa zalunci ne. Amma mafi yawan nono ruwa ne, ruwan randa kuwa shi ke kawo gudawa, ya kuma cika ɗan cikin da nono ya kamata ya cika. A Nijeriya kashi 29 ne kawai na jarirai ke samun nono zalla. Mujallar likitoci ta Lancet ta kiyasta a 2016 cewa da shayarwa ta game duniya yadda ya kamata, da an tsirar da yara sama da 800,000 a shekara.

Bayan wata shida kuma sai a faɗa wani ramin. Tumbin yaro ƙarami ne, in aka cika shi da koko tsararo ya ƙoshi bai ci komai ba. Gero ko dawar nan in aka haɗa da gyaɗa da waken suya, aka sa ɗan manja ko garin zogale, aka samu ƙwai ko kifi ko da jefi-jefi, ta zama abinci. Duk waɗannan gonakinmu ke fitar da su. Abin da ke faruwa shi ne ana sayar da waken da ƙwan a kasuwa domin wata buƙatar, ɗan naman da ya shigo gida kuma a kwanon maigida yake ƙarewa. Ga kuma yayen gaggawa idan uwa ta samu sabon ciki, a kai yaro gidan kaka rana ɗaya, ya rasa nono da uwa a lokaci guda.

Gishiri, sukari da gyaɗa

Abin da ya fi ba mu mamaki a wannan nazari shi ne arhar abubuwan da suka kawo sauyin. A wajajen 1980 gudawa na kashe yara kimanin miliyan huɗu da rabi a shekara. Yau adadin bai kai rabin miliyan ba. Mai gudawa ƙarewar ruwan jiki ke kashe shi, kuma a da sai an yi masa ƙarin ruwa ta jijiya, abin da ƙauye ba ya samu. Masu bincike a Dhaka da Kalkata suka tabbatar a shekarun 1960 cewa hanji, ko yana cikin tsananin kwalara, yana iya tsotse gishiri muddin yana tare da sukari, ruwa kuma sai ya bi gishirin ya shiga jiki. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, ruwan jijiya ya ƙare, sai wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a durom, dangin marasa lafiya na ba su da kofi. Mace-macen suka sauko daga kimanin kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4.

Sanin magani daban, isarsa ɗakin uwa daban. Daga 1980 zuwa 1990 ƙungiyar BRAC ta tura mata gida-gida a ƙauyukan Bangaladash, suka shiga gidaje kimanin miliyan 12, suna koya wa iyaye mata haɗa tsunkulin gishiri na yatsa uku da dunƙulen mazarƙwaila a rabin lita na ruwa. Wani abin lura shi ne ladan masu koyarwar ya danganta ne da yadda iyayen suka riƙe darasin idan mai duba aiki ya dawo ya tambaye su. Mu da muke auna aikinmu da yawan buhunan da muka raba, akwai abin tunani a nan. A yau ana samun haɗin a ƙunshe cikin 'yar leda, ana kuma haɗa shi da ƙwayar sinadarin zinki na kwana 10 zuwa 14.

Riga-kafi ma haka. Shirin faɗaɗa allurar riga-kafi na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fara ne a 1974, kuma wani nazari na 2024 ya kiyasta ya tsirar da rayuka miliyan 154 cikin shekara 50, mafi yawansu jarirai, kaso mafi girma kuma daga allurar ƙyanda. Agana da ta bar zane a fuskokin kakanninmu an bayyana kawar da ita daga duniya a 1980. Ba za mu ɓoye cewa al'ummarmu ta yi dogon zargi a kan allura ba, kuma ruwa ba ya tsami banza: gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo. Amma dakatar da riga-kafin shan inna a 2003 ya jawo cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe kusan ashirin, har Yaman da Indunusiya. Ba a dawo kan hanya ba sai da sarakuna da malamai, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, suka shiga aikin da kansu, har aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali ranar 25 ga Agusta, 2020. Har yanzu Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan yaran da ba su taɓa karɓar allura ko ɗaya ba, sama da miliyan biyu, kuma annobar mashaƙo da ta taso daga ƙarshen 2022, wadda ta fi tsananta a Kano, mafi yawan waɗanda ta kama ba su da riga-kafi.

Maƙwabciyarmu Nijar ta ba duniya darasi biyu. A yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara masu tsananin tamowa sama da 60,000, yawancinsu a jihar Maraɗi, ba tare da kwantar da mafi yawansu ba. Abin da ya sa hakan ya yiwu wani curi ne na gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996 da sunan Plumpy'Nut. Ba ya buƙatar dahuwa ko ruwa ko firji, uwa ce ke ba ɗanta a gida, ta riƙa kawo shi awo mako-mako, cikin mako shida zuwa takwas ya murmure. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya. Daga baya a Mirriya ta jihar Damagaram aka gwada ba iyaye mata da kansu zaren awon damtse mai launi uku, aka tarar suna gano tamowa daidai da ma'aikatan da aka horar. Zaren kuwa bayaninsa bai wuce numfashi ɗaya ba: ga yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar, in damtsen ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja, asibiti yau, tsakanin 11.5 da 12.5 rawaya ne, a tashi tsaye.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Tsakanin 1998 da 2009 Nijar ta rage mace-macen yara daga 226 zuwa 128 cikin dubu, ta hanyar gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, da raba gidan sauro, da kuma mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006. Sannan tafiyar ta yi sanyi, kuma har yau ƙasar tana cikin waɗanda suka fi rasa yara a duniya. Irin wannan aiki kowace shekara sai an sake shi, domin kowace shekara sababbin jarirai ake haifa.

A nan ne damuwarmu take. Kaso mai yawa na curin gyaɗar nan, da allurai, da gidajen sauro, da maganin riga-kafin zazzaɓi da ake ba yaran Sahel wata-wata a damina tun bayan shawarar 2012, da kuɗin ƙasashen waje ake sayensu. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, wasu ƙasashen Turai kuma suka rage abin da suke bayarwa. Ba mu da ikon cike wannan giɓi, kuma ba za mu ɗauke wa gwamnati nauyin da yake nata ba. Amma abin da ke hannunmu ba kaɗan ba ne, in an sa shi a inda ya dace, a lokacin da ya dace.

Lokacin da hannu ke buɗewa da lokacin da ciki ke kuka

Zakka a ƙasarmu lokaci biyu take zuba: da kaka, idan an fitar da ushirin hatsi, da kuma watan Ramadan, wanda masu dukiya da yawa suka mayar watan lissafinsu. Tamowa kuwa daga Yuni zuwa Satumba take tsananta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, iyaye mata na gona, sauro ya yi yawa, rijiyoyi sun gurɓace. Tsakanin 2010 da 2015 Ramadan yana faɗowa ne a cikin waɗannan watanni, sai alherin azumi ya riƙa haɗuwa da lokacin buƙata ba tare da kowa ya tsara ba. Yanzu ya koma Fabrairu da Maris, kuma kowace shekara yana ƙara matsowa kusa da kaka da kwana goma ko sha ɗaya. Ma'ana, shekaru masu yawa nan gaba duka lokutan bayarwar biyu za su taru a inda gidaje ke da ɗan abin ci, watan Agusta kuwa ya zo ya tarar da hannuwa a rufe.

Tarihinmu ya san irin wannan kuskure na tsari, ya kuma san gyaransa. Ibn Sa'ad ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yanka wa yara rabo daga baitulmali, amma sai bayan yaye. Wani dare yana gadin wani ayari a Madina ya ji jariri na ta kuka, da ya matsa wa uwar sai ta gaya masa, ba tare da ta san shi ba, cewa yaye take ƙoƙarin yi kafin lokaci domin yaron ya shiga rajista. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabonsa tun daga haihuwa. Niyyar farko kyakkyawa ce, amma ƙa'idar tana cutar da wanda aka yi ta dominsa, sai ya sauya ta a rana ɗaya.

Rajistarmu ta masu karɓa da sunan magidanta take, da zawarawa da tsofaffi. Ba mu taɓa tambayar ko akwai mai ciki ko mai shayarwa a gidan ba. Faƙiri da miskini su ne farkon kashi takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kuma babu abin da ya hana a fifita mafi buƙata a cikinsu. Daga bana takardar tantancewa za ta ɗauki wannan tambaya, kuma rabon irin waɗannan gidaje zai haɗa da wake, ba gero kaɗai ba. Akwai wani dalilin kuma. Ma'aikatan lafiya na kukan cewa curin gyaɗar da aka ba yaro ɗaya yakan ƙare a bakin yayyensa, wani lokaci ma a kan teburin mai kanti. Sayar da shi cin amana ne, babu ja. Amma uwar da ke da yara huɗu masu jin yunwa ba za ta iya ciyar da ɗaya sauran na kallo ba. In buhun zakka ya shiga gidan a makon da aka fara jinya, maganin zai tsaya ga mai shi.

Abin da zakka ba za ta yi ba, bisa ra'ayin mafi yawan malamai da ke sharɗanta mallaka wa mabuƙaci, shi ne gini da haƙa rijiya da biyan ma'aikata. Wannan fagen waƙafi ne tun asali. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa mutanen Madina waƙafi ce, asibitin Nuruddin a Dimashƙa da na Sarki Ƙalawun a Alƙahira, wanda aka gina a 1284, da kuɗin waƙafi suka yi ƙarnoni suna aiki. Mafi yawan waƙafin da ke zuwa mana na masallaci ne, kuma muna godiya. Sai dai akwai unguwannin da ke da masallatai uku babu famfo ko ɗaya, kuma yaran da ke cika layin asibiti da gudawa daga can suke fitowa.

Saura tambaya ɗaya da ba mu da hurumin yanke ta. Asali shi ne a gaggauta isar da zakka ga masu ita. Shin ya halatta gidauniya, bayan ta karɓi hatsi daga manomi da kaka, ta ajiye wani kaso a rumbu da sunan gidajen da aka riga aka tantance, ta riƙa ba su wata-wata daga Yuni? Mun miƙa tambayar a rubuce ga kwamitin malamai, kuma amsarsu za ta fito a rahoton baɗi, in Allah Ya kai mu. Kafin nan, hatsin da za mu ajiye domin damina mai zuwa daga sadaka da amfanin gonakin waƙafi zai fito. Mun kuma nemi sashen lafiya na ƙananan hukumomin da muke aiki a cikinsu su horar da matan da ke taya mu rabo a kan awon damtse, domin duk gidan da suka kai buhu su auna yaran da ke ciki kafin su fito. Wanda ke da gona ko rumbu ko kuɗin rijiya da yake son tsayarwa waƙafi domin wannan aiki, ofishin sakatare na karɓar bayani kafin a fara girbi.